Me Ya Sa Ba A Tsoma Mai Ƙuna A Baho?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya ƙone da tafasasshen ruwa a ƙirji da cinya, muna kwance a asibiti. Na roƙi nas su sa shi a baho ko zai ji sanyi, sun ƙi. A kan gado suke wanke shi da tiyo. Ganda ce ko akwai dalili? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ba ganda ba ce. Fata ita ce katangar jiki, kuma inda wuta ta ci, katangar ta zube. In aka tsoma shi a baho, ruwa ɗaya ne zai bi ta dubura da hammata ya dawo kan ciwon, ya kwaso ƙwayoyin cuta daga wurin da ya ruɓe zuwa wurin da ke warkewa. Balle bahon da majinyata da yawa ke shiga bi da bi.

Ƙwayar cutar da muka fi tsoro ita ce Pseudomonas aeruginosa. Mazauninta danshi: bakin famfo, cikin tiyo, magudanar baho. Tana yin wani yauƙi da ke manne a cikin bututu, wanda goge saman baho ba ya kai gare shi, ga ta da taurin kai ga magunguna da dama. A 1992 likitoci a Edmonton ta Kanada sun gano yaɗuwarta a sashen ƙuna daga kayan wankan ne. Wasu ƙwayoyin cuta, Acinetobacter da Staphylococcus, su ma sukan bi wannan hanya.

Ga abin da ya kamata ki gani. A shimfiɗa sabuwar leda a gadon wankan, a jefar da ita an gama. Ruwa mai gudu, ɗuminsa kamar na jiki, wajen digiri 37, kuma kada a wuce minti 20 zuwa 30, don yaro mai ƙuna saurin ɗaukar sanyi gare shi. A ba shi maganin raɗaɗi tun kafin a kwance bandeji. A fara da wuri mai tsabta, a ƙare da mai mugunya, a canza safar hannu tsakaninsu. Bayan kowane majinyaci a wanke gadon da sabulu, sannan bilic (wanda ke da ƙarfin kashi 3.5, a zuba awo 1 cikin awo 6 na ruwa), a ɗauraye, a bar shi ya bushe ƙayau. Bilic na gado ne, ba na ciwo ba.

Naki aikin: kada ki jiƙa bandejinsa da ruwan bokiti ko na randa, kada ku yi tarayyar soso da tawul da maƙwabtan gado. Kin ga bandeji ya yi kore-kore, ko wari ya canza, ko ciwon ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya taso yaro ya ƙi abinci, ki kira nas a lokacin, ko da tsakar dare ne.