Amsa ga ɗan'uwan da gem da kallon fim suka ɗauke wa ƙaninsa hankali

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, inda kace ƙaninka ɗan aji uku na ƙaramar sakandare tunda aka buɗe gidan gem, wato wasan bidiyo da ake bugawa a talabijin, a garinku ba ya zaman gida, in dare yayi kuma ya ƙudundune a bargo yana kallon fim a waya har barci ya kwashe shi, Baba yace a ƙwace wayar a hana shi fita, kai kuma kana tambaya ko hakan zai yi magani. Na ga wasu na cewa a fasa wayar a zane shi. Ni dai bari in faɗa maka abinda na gani da idona, don sana'ata ce, na daɗe ina riƙe da gidan kallon bal da caji a wani ƙauye nan ƙasar Ringim, da gem guda biyu a rumfar gefe, yaran garinmu kusan duk a gabana suka tashi.

Ƙwace waya shi kaɗai wallahi ba zai yi ba. Yaron da aka ƙwace wa waya ba daina kallo yake ba, wajen abokinsa yake komawa, zaka gansu su biyar shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya a gindin darbejiya bayan gari, kuma a nan ne ake kallon abinda kai baka taɓa zato ba. Gara wayar tana gidanku kana iya ɗauka ka duba. Kuma mu faɗi gaskiya, wasa ba yau aka fara shi ba a ƙauye, iyayenmu sunyi langa sunyi kokawa a dandali, an yi kalankuwa bayan kaka, dattawa har gobe suna buga dara a inuwa. Sai dai su wancan da wata ya faɗi ko damina ta sauka shikenan an watse, kuma ba a biyan ko sisi. Wannan kuwa in dai akwai caji da kuɗi ba ya da lokacin tashi, to nan matsalar take, lokaci da kuɗi, su zaka riƙe.

Ka fara lura da lokacin shekara tukunna. Ni a wajena da damina gem kusan kwanciya yake, yaro ya wuni yana firi ko maimai, in ya dawo ko tuwo da kyar yake ci. Amma da zarar an gama yankan gero an cire gyaɗa an kaɗe riɗi, kuɗi sun ɗan shiga aljihun yara daga ƙwadago, aiki kuma babu sai masu fadama, to daga nan har zafin bazara rumfar nan bata rabuwa da mutane. Haka ranar Lahadi in an taso daga kasuwar Gujungu, wanda yayi dako, wanda ya tura baro, wanda ya sayar da ruwa, duk da yamma nan suke juye abinda suka samo. Kaga kenan idan ƙaninka yanzu ne abin ya tsananta, ka duba ko zaman banza ne ya jawo, domin yaro mai aikin yi a hannu ba ya wuni a gidan gem.

Kallon bal shi ne mai sauƙi a ciki, saboda yana da lokaci sananne. Gasar Ingila daga Agusta take zuwa Mayu, yawanci Asabar da Lahadi, ta zakarun Turai kuma Talata da Laraba. Lokacin sanyi wasan zakarun Turai ƙarfe 9 na dare ake take shi a agogonmu, sai wajen 11 a tashi, in an ƙara lokaci ko an je fenareti ya haura haka, sannan a tsaya musu a ƙofa tsakanin 'yan Madrid da 'yan Barcelona, kafin yaro ya kwanta sha biyu ta gota, gobe kuma akwai makaranta. Wannan ne na ranar Talata da Laraba zaka hana shi sai dai in ana hutu, na Asabar da Lahadi ka barshi ya kalla. Na Asabar ɗin ma akwai wanda ake farawa ƙarfe 4 daidai la'asar, ni a gidana sai an yi sallah nake buɗe ƙofa, kuma in an kira magariba kashe inji nake ko da kuwa ana tsakiyar wasa, da farko an yi ta surutu wasu sun koma wani gidan, daga baya iyaye da kansu suka riƙa cewa yaransu in kallo ne to wajena.

Gem kuwa nan nake so ka buɗe ido sosai. A ƙauye har yanzu PS2 aka fi bugawa, injin da ya fito tun 2000, saboda ba ya cin wuta kuma ana zuba masa wasan a filash har da sababbin 'yan wasa, masu ɗan ƙarfi ne suke ajiye PS3 ko PS4. Bal ake bugawa, in kaji yana cewa PES ko FIFA to ita ce, a waya kuma Dream League ko eFootball, wasu Free Fire na harbe-harbe wanda shi data yake sha. Wasa ɗaya minti goma ne, ba wani abu bane. Amma akwai al'adar da ke kusan kowane gidan gem, wanda aka ci shi ne zai biya kuɗin wasan, wanda yayi nasara yana zaune da hannun gem ɗin wani ya karɓi na wanda ya faɗi. Kaga yaron da aka ci ba zai iya tashi ba, ana masa dariya ana cewa ɗan koyo ne, sai yace a sake, a sake, kuɗin da aka aike shi sayen magi da manja duk su tafi a nan.

Daga wannan kuma ake zarcewa caca, ba tare da kowa ya kira ta da sunanta ba. Wata rana da yamma ina gyara waya a teburin caji sai naji rumfar gem tayi tsit, alhali kullum ihu ne, na leƙa sai na ga yara biyu suna bugawa jikinsu na rawa, gumi na zuba duk da sanyin da ake, na uku kuma yana tsaye a bayansu ya dunƙule hannu a aljihun riga. Nace buɗe hannunka. Ɗari biyar biyar ne a nannaɗe, na masu bugawa da na 'yan kallo, kowa ya zuba a kan wanda yake ganin zai ci. Ɗaya daga cikin masu bugawar kwano biyu na riɗi ya ɗiba a buhun uwarsa ya kai wa mai awo. Ranar na kashe gem ɗin na raka shi gida da kaina, kuma tun daga nan na sa doka kowa shi zai biya nasa kafin ya zauna, an ci ka ko ka ci, kuma wasa biyu ka tashi. Ciniki ya ragu, amma rigima ta ƙare.

To abinda nake so ka bincika kenan kafin komai, ina yake samun kuɗin. Ka tambayi Inna a hankali ko tana ganin hatsi na raguwa, ko canjin aike ba ya dawowa daidai, ko an nemi kaza an rasa. Ka duba wayar ko akwai manhajar cacar ƙwallo a ciki, domin yanzu ba sai an je shago ba. A 2024 Hisbah ta bi shagunan cacar bal a Kano ta rufe, amma wadda ke cikin waya ba mai rufe ta sai na gida, kuma yara da lambar wani babba suke buɗewa su haɗa kuɗi su buga tare. Idan ka samu wannan to maganar ta wuce ta wasa, a nan ne zan goyi bayan Baba a karɓe wayar, a kuma kira wanda ya buɗe masa a yi masa magana gaban manya. Idan baka samu ba, alhamdulillahi, yaro ne kawai mai son wasa kamar kowa.

Sai fim. Mu nan ba data muke kallo da ita ba, data tayi tsada musamman tunda aka ƙara kuɗin kira da na intanet a farkon 2025, sabis ɗin ma sai ka hau tudu. Wajen masu turi ake kai memori a cika ta, fassarar Indiya, masu dogon zango na Hausa, na Turkiyya, na Koriya, na China masu faɗa, daga nan kuma yara su riƙa tura wa juna ta Xender kyauta. Fim ɗin Hausa aƙalla akwai hukumar tace fina-finai a Kano tun 2001, akwai wanda ake jin tsoro. Na waje kuwa da mai turi ya sauke daga intanet ba wanda ya tace shi, mai fassara yana zuba barkwancinsa da Hausa kana dariya, hoton kuma yana nan yadda masu shi suka ɗauka. Kuma ba duk mai turi ne mai tsoron Allah ba, wani in yaro ya raɗa masa a kunne ya ƙara ɗari zai zuba masa abinda ba a faɗa. Ka tafi da shi da kanka wajen mai turin garinku, ku gaisa, kace wannan ƙanina ne, ga irin abinda za a riƙa sa masa. Mai turi in ya san yaro yana da mai bibiya ba ya yarda ya ɓata sunansa a gari saboda naira ɗari.

Mai dogon zango shi ne ke cinye dare, don kowane kashi a daidai inda rai ke so ake yanke shi, kace bari in ga ɗaya sai kaji zakara. Ba yara kaɗai ba, matan aure nawa ne tuwonsu ya kama saboda shi, mu ma manya in muka samu wanda ya shige mu haka ne. Maganinsa ba wa'azi bane mai tsawo, wayar ce kada ta kwana a ɗakinsa. Bayan isha ya kalli kashi ɗaya ko biyu a tsakar gida, da sauti a buɗe ba da abin kunne ba, ƙannensa da Inna ma su kalla, ƙarfe goma ya miƙa maka ita ko ya ajiye a ɗakin Baba. Abinda yaro zai iya kalla a gaban uwarsa ba abin tsoro bane. Kai ma kuma ka daure kar ya ganka kana latsa taka har ɗaya na dare, don ba zai ji maganarka ba.

Kuma dan Allah ka je gidan gem ɗin, ba da bulala ba. Ka zauna ka karɓi hannu ɗaya ku buga, zai cinye ka kuwa, ka barshi yayi murnarsa, a hanyar dawowa zai gaya maka abubuwan da shekara guda kana tambaya bai faɗa ba, waye abokinsa, wa ke bin wa bashi, wa ke shan abin da bai kamata ba a bayan rumfar. Ka ga mai gidan ku fahimci juna, lokacin makaranta da na islamiyya kar ya bari ya zauna, kuma kar ya bashi bashi. Yawancinmu zamu yarda, don tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da bata kai 200 ba ta zo ta haura 1000 a 2024, mu kuma a hannun 'yan bumburutu muke saye, ribar ta zama kaɗan, ba mai son ya haɗa da rigimar iyaye ko ƙara wajen mai unguwa. Idan mai gidan ya ƙi ji, to ku haɗu ku iyaye da yayye ku kai maganar wajen dagaci, a sa masa lokacin buɗewa da na rufewa, an yi haka a garuruwa da dama kuma ya zauna.

Akwai wani yaro da ya fi kowa naci a rumfata, har babansa ya taɓa zuwa ya ja shi da kunne. Na lura duk sanda hannun gem ya lalace shi ne ke karɓa ya kwance da ɗan sukundireba, ya goge robar ciki da auduga ya mayar, ya tashi. Sai na riƙa bashi wayoyin da bakin cajinsu ya mutu, na ce wa baban a bar min shi da yamma bayan islamiyya. Daga baya wani kawunsa ya kai shi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya koyi gyara sosai, yanzu yana da teburinsa ranar kasuwa, ni ma in sola ta ko inji ya bani matsala shi nake kira. Ba nace kowane mai buga gem haka zai zama ba, da yawa ba abinda suke tsinta sai ɓata lokaci, amma ka duba naka ko hannunsa na son irin wannan, in ma ba haka ba ka sama masa abin yi na yamma, ko 'yar tunkiya a ɗaure masa yasan shi zai nemo mata harawa, ko ka riƙa tafiya da shi fadama, abinda ya samu ka barshi ya cire na gem ɗinsa a ciki ranar Juma'a da Lahadi, sauran a ajiye masa wajen Inna.

Tunda aji uku yake, jarrabawar fita ƙaramar sakandare na gabansa, in ta matso da wata guda ku yi magana a ajiye gem gaba ɗaya har a gama, ka gaya masa ranar da zai koma don ya san ba har abada bane. Shi kuma Baba ka lallaɓa shi kace a baka wata ɗaya ka gwada, kar ka musa masa a gaban yaron. Ka fara binciko maganar kuɗin nan dai, in ka gano da kuɗi suke bugawa ko babu ka dawo ka faɗa mana, sai mu san ta inda za a ɓullo. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.