Mothman: aljani ne ko tsuntsu?

Mai tambaya kan Mothman, ko da gaske an gan shi: labarin daga garin Point Pleasant ne, a jihar West Virginia ta Amurka. Daren 15 ga Nuwamba 1966 wasu ma'aurata suka ce wata halitta mai siffar mutum, da fukafukai da jajayen idanu, ta bi motarsu kusa da tsohuwar masana'antar nakiya. Ita ce aka sa wa suna Mothman. Da gadar Silver da ke garin ta rufta a Disamba 1967, mutum 46 suka rasu, sai aka ɗora wa Mothman laifin, alhali ƙarfen gadar ne ya tsage. Ni dai mujiya nake zargi. Haska ta da fitilar mota, idanunta sai su yi jawur.