Ga ƙanwata ta Daura mai neman gurbin karatun halayyar yara 'yan makaranta

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare ta ce ta gama digirin farko a fannin ilimi, ta yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan tana koyarwa a wata firamare a Daura, tana son zuwa Amurka karatun ilimin halayyar yara 'yan makaranta, amma ba ta san ta ina ake farawa ba, kuma intabiyu na ba ta tsoro. Ƙanwata, na ga wasu sun amsa miki da bayanin aikin malamin ba da shawara. Allah ya saka musu, amma ba shi kike nema ba, kuma a kan wannan ruɗanin ne takardun mutanenmu da yawa ke faɗuwa tun kafin a kai ga kiran su.

A can, masanin halayyar yara na makaranta aikinsa na farko awo ne. Malama za ta kawo yaro ɗan aji uku da har yanzu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Masanin zai zauna bayan aji ya kalli yaron, ya ji ta bakin iyaye, ya yi masa gwajin auna basira irin su WISC, wanda ake yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16, ya rubuta rahoto, sannan a zauna da malamai da iyaye a yanke ko yaron ya cancanci tallafi na musamman ƙarƙashin IDEA, dokarsu ta ilimin yara masu buƙata ta musamman. Bayan wannan akwai tsara wa malamai dabarun gyaran hali, da bibiyar ko dabarar ta yi aiki ta hanyar lissafi mako-mako, da tsayawa kan yara in wani bala'i ya auka wa makaranta. Ba da shawara na ciki, amma yanki ne kawai. In takardarki ta nuna kin ɗauka aikin zama ne da yara ana lallashinsu, za su ce kin ƙwanƙwasa ƙofar da ba taki ba.

Sai ki zaɓi mataki. Akwai wanda suke kira EdS, wanda ya fi mastas bai kai dakta ba. Shekara uku ne, da kiredit 60 aƙalla, shekarar ƙarshe kuma horon aiki ne na awa 1,200, wanda aƙalla 600 daga ciki dole a cikin makaranta za a yi su. Shi ne matakin da yawancin masu aiki a makarantunsu ke da shi. Akwai kuma digirin dakta, PhD ko PsyD, shekara biyar zuwa shida. Mastas zalla na shekara ɗaya ko biyu a mafi yawan jihohinsu ba ya ba ki izinin aiki, don haka kada arhar lokacinsa ta ruɗe ki. Kafin ki biya ko kwabo, shiga shafin NASP, ƙungiyar masanan halayyar yara na makarantun Amurka, ki duba ko shirin yana cikin jerin waɗanda ta amince da su. In dakta ne, ki duba jerin APA ma, wato ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka.

Ga shawarata, kuma na san wasu za su yi musu: ga ɗan Najeriya da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, PhD ya fi sauƙin samun kuɗi duk da ya fi wuyar shiga. Shirye-shiryen PhD da yawa suna yafe kuɗin makaranta su ba da alawus a madadin aikin taimaka wa malami, yawanci awa 20 a mako. EdS kuwa tallafinsa ba shi da yawa, sau da yawa rabi ne. Sannan in niyyarki ki dawo gida, ki sani lasisin da ake bayarwa na jiha ne, ba ya bin ki zuwa Katsina. Abin da zai yi miki amfani a nan shi ne digirin da ilimin bincike, wanda za ki shiga jami'a ko kwalejin ilimi da shi. Ba dole sai da mastas ake shiga PhD a can ba, amma suna son ganin kin taɓa bincike. In ba ki da komai sai furojet ɗin digirin farko, ba faɗuwa ba ce ki fara yin mastas na ilimi, wato M.Ed, a ilimin halayyar koyo ko ilimin masu buƙata ta musamman a gida, irin su Bayero ko ABU Zariya, ki duba kuma abin da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma suka tallata a shekarar. Za ki fito da kundin bincike da malamai uku da suka san ki da gaske.

Lokaci. Karatu yana farawa a watan Agusta, amma ana rufe karɓar takardu tun Disamba zuwa Janairu na kafinsa, wasu na PhD ma 1 ga Disamba suke rufewa. Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardar sakamakon darussanki, wato tiranskirif. Jami'o'i da yawa suna son a bi da ita ta hannun masu tantancewa irin su WES, su kuma ba sa karɓa daga hannunki, sai jami'arki ta aika da kanta. Fara tun watan Yuni ko Yuli, ki je ofishin da ƙafarki, ki karɓi rasit, ki riƙa komawa. Ki tabbata sunanki iri ɗaya ne a fasfo da shaidar digiri da fom. Wadda take Aisha a wata takarda, A'ishatu a wata, ko aka juya sunan uba da na kaka, fayil ɗinta kan rabu biyu a kwamfutarsu a ce bai cika ba. Kada ki juya makinki daga ma'aunin 5 zuwa na 4 da kanki, bar musu. Kuɗin fom kan kama dala 50 zuwa 100 kowace jami'a, kuma ba laifi ki rubuta ki roƙi a yafe miki. Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri, jami'o'i da yawa sun daina nema tun 2020. Ta Turanci kuwa, wasu suna ɗauke wa 'yan Najeriya, wasu ba sa yi, sai ki karanta shafin kowace ɗaya. Shirye-shirye biyar zuwa bakwai da kika bincika sosai sun ishe ki. Abu na ƙarshe a nan: tun 2025 an tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya, don haka duba shafin ofishin jakadancinsu kan bizar ɗalibai ta F-1 kafin ki fara zuba kuɗi, ki kuma tambayi jami'ar ko tana ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa in biza ta tsaya.

Wasiƙun shaida uku ake nema. Mutanenmu kan ruga wurin babban farfesa ko wani mai sarauta saboda suna. Wasiƙar da ta ce ke yarinyar kirki ce mai ladabi ba ta ɗaga ki ko taku ɗaya. Biyu su fito daga malaman da suka duba rubutunki, musamman wanda ya kula da furojet ɗinki, ɗaya daga hedimasta ko hedimistires da ta gan ki cikin aji. Ta imel za a aiko musu da mahaɗi su ɗora da kansu, kuma saƙon kan faɗa cikin tarkacen saƙonni, sai ki riƙa tuna musu cikin ladabi. Ba su wata guda aƙalla, haɗe da takardar tarihin aikinki.

Yanzu takardar bayyana manufa, inda nake so ki fi daɗewa. Kada ki fara da cewa tun kina ƙarama kike son taimakon yara, kowa haka yake rubutawa. Kina da abin da yawancin masu nema ba su da shi: aji na gaske. Ɗauki yaro ɗaya, ki sakaya sunansa. A ce yarinya ce da ke zama a layin baya, tana kwafe duk abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma in aka ce ta karanta sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Me kika lura da shi? Me kika gwada, sau nawa a mako, na tsawon wane lokaci? Kalmomi nawa take karantawa a minti ɗaya kafin ki fara, nawa bayan mako shida? A ina iliminki ya ƙare har kika ga kina buƙatar horo? Wannan shi ne tunanin da suke koyarwa, in suka gan shi a takardarki sun san ba daga sifiri za su fara da ke ba. In ba ki taɓa auna yaro haka ba, fara gobe da littafi ɗan ƙarami da agogon waya, kina da watanni. In kin samu dama ki yi aikin sa kai a makarantar kurame ko ta makafi, ki yi.

Sannan ki kawo abin da kika sani wanda su ba su sani ba. Gwaje-gwajensu an daidaita su ne kan yaran Amurka. Yaron da ya tashi da Hausa, ya fara karatu da allo daga dama zuwa hagu, ya haddace izu biyar, sannan aka gwada shi da Turanci ya faɗi, shin matsalar ƙwaƙwalwa ce ko ta harshe? Su ma suna fama da wannan tambaya kan yaran da suka zo daga wasu ƙasashe. Haka batun yaran da suka ga tashin hankali, kamar ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020, da waɗanda suka baro ƙauyukan Batsari da Jibiya. Ambace shi a matsayin tambayar bincike, ban da neman tausayi. Sakin layi na ƙarshe kuma ya zama na wannan jami'ar kaɗai: sunan malami ɗaya ko biyu da kika karanta aikinsu, da inda ya haɗu da tambayarki. Duba sau uku kada sunan wata jami'a ya saura a ciki.

Intabiyu kan faɗo tsakanin Janairu da Maris, ga na nesa ta Zoom. A Janairu da Fabrairu ƙarfe 10 na safe a New York ƙarfe 4 na yamma ne a Daura, wato tazarar awa shida. Daga Lahadi ta biyu ta Maris suna tura agogonsu gaba, tazarar ta koma biyar, a nan mutane kan makara da awa guda cur. Chicago ki ƙara awa ɗaya, Kalifoniya uku. Tanadi layin waya biyu na kamfani daban-daban, kwamfuta cike da caji, janareta nesa da taga. Zauna kina fuskantar haske, kada taga ta kasance bayanki. Ɗora kwamfutar kan littattafai ta zo daidai idonki. In layi ya yanke, koma ki ce a yi haƙuri sau ɗaya ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya da ƙin yabon kai. Abu ne mai kyau, amma a can sai su fassara shi da rashin tabbas. Kalli idon kyamarar. In ke kika yi abu, ce ni na yi, kada ki ɓoye cikin "mun yi". Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce me ya sa wannan fanni, ba ba da shawara ko aikin asibiti ba. Shirya amsarta ta minti biyu, ki faɗe ta da baki har ta zauna, ba tare da haddar kalma-kalma ba. Za su kuma ba ki misali: yaro ya ce miki ana cutar da shi a gida, ya roƙe ki kada ki faɗa. A nan gida hankali kan tafi ga kiran kawu ko mai unguwa a sasanta. A can ma'aikacin makaranta doka ta wajabta masa kai rahoto ga hukumar kare yara. Amsar ita ce ba za ki yi wa yaron alkawarin rufe sirri ba, za ki saurare shi ba tare da yi masa tambayoyin ƙwaƙwa ba, ki sanar da mai kula da horonki, a kai rahoto. In aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, faɗi haka, sannan ki bayyana yadda za ki nemo amsar.

Yawanci akwai zama da ɗaliban da ke cikin shirin, ba malami. Kada ki saki baki, ana jin ra'ayinsu. Amma nan ne wurin tambayoyin gaske: alawus na isa haya? Tallafin na shekara nawa ne a rubuce? Ana buƙatar mota don zuwa makarantun horo? Sau da yawa ana buƙata, gara ki koyi tuƙi tun a gida. Su malaman kuma tambaye su ko sun taɓa samun ɗalibi daga waje da ya kammala shekarar horon aiki, domin mai bizar F-1 sai da izini irin wanda ake kira CPT yake yin aiki a wajen jami'a, kuma ba kowane shiri ne ya saba da wannan ba.

Cikin kwana biyu aika gajeren saƙon godiya ga kowane malami, ki ambaci abu ɗaya da kuka tattauna. In tayi ya zo da tallafin kuɗi, yawancin jami'o'insu sun amince ba za a matsa wa ɗalibi ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba, don haka jira ki ga sauran. Nemi a rubuta miki adadin alawus, da abin da aka yafe, da ko inshorar lafiya na ciki, domin da waɗannan alƙaluman za a cika I-20, takardar da jami'a ke ba ki don neman biza, kuma duk giɓin da ya rage ke za ki nuna shi a asusun banki. In kin rubuta takardar manufar, ɗora sakin layi na farko a nan zaure ba tare da sunan kowane yaro ba, mu duba miki. Allah ya ba da sa'a, ƙanwata.