Ba mu da na'urar numfashi, me zan koya wa ƙananan likitoci a ɗakin gaggawa na yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin yara a Gusau. An ɗora mini koyar da ɗalibai da sabbin likitoci a ɗakin gaggawa, amma littattafan kula da yaran da ke rai kwakwai mutu kwakwai duk maganar na'urar numfashi suke yi, da gwaje-gwajen da ba mu da su. Ta ina zan fara? Anya ba yaudararsu nake yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya taya ki riƙo. Ki cire maganar yaudara daga ranki. Yaran da muke rasawa a asibitocinmu, da yawansu cikin awa 24 na farko suke tafiya, kuma abin da ke raba mai tashi da mai tafiya sau da yawa shi ne wa ya fara ganin yaron, me ya lura da shi, me ya yi a mintunan farko. Wannan ilimin kina da shi, shi za ki koyar.

Ki fara da su daga bakin ƙofa. Uwa ta taso daga Maru ko Tsafe tun asuba, yaro na goye an lulluɓe shi da zane, ta zauna ƙarshen layi shiru, kunya ta hana ta cewa a duba nata. Ɗalibinki ya saba da bin layin nan yana cewa, "Mama, sauke mini shi in gani." Tsarin ETAT, na tantance yaran da ke buƙatar taimakon gaggawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, a kan haka aka gina shi: hanyar iska, numfashi, gudun jini, suma, jijjiga, bushewar jiki. Ki sa su ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 zuwa sama ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Su taɓa tafin hannu, su danna farce su ga ko jini ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba. Duk yaron da ya suma ko yake jijjiga a duba sukarinsa kafin a fara dogon tarihi, in ya yi ƙasa ko babu abin gwaji a ba shi gulukos mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 kan kowane kilo. Kuma a ɗora shi a sikeli. Maganin yaro da kilo yake tafiya: atesunet ma, allurar maleriya mai tsanani, miligiram 3 ne kan kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai.

Inda nake son ki daɗe da su shi ne ƙarin ruwa. Sabon likita in ya ga yaro ya galabaita, hannunsa ƙaiƙayi yake ya buɗe ruwa ya yi ta zuba, don haka ya karanta a littafin da aka rubuta saboda asibitocin Amurka da Ingila. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST da aka yi kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, wajen kashi 10.5 cikin ɗari, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa 7.3. Yaran nan irin namu ne, maleriya da ƙarancin jini. Don haka ki tilasta wa ɗalibi ya faɗa miki dalilinsa kafin ya taɓa ledar ruwa. Mai gudawa da ya bushe yana buƙatar ruwa da gaggawa. Mai maleriya da tafin hannunsa ya yi fari fat jini yake nema. Mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar lodi, ruwan da zai ceci wani shi zai kashe shi, sai a hankali ana ƙirga bugun zuciya da numfashi. A Zamfara da tamowa ta yi mana katutu, wanda bai iya bambance yaran nan uku ba bai isa a bar masa ɗaki da dare ba.

Ita kanta na'urar da kike jimamin rashinta akwai darasi a kanta. Na'urar CPAP mai kumfa, wadda ke tura iska da ɗan matsi ta hanci yaro na numfashi da kansa, ta rage mutuwar yara masu ciwon huhu a wani bincike na Bangaladash a 2015, amma a binciken da aka fitar a 2019, da aka gwada ta a wani asibitin gunduma a Malawi, inda babu likita a kan yaran kullum, mutuwar ƙaruwa ta yi. Kin ga ke nan na'ura sai da ido a kanta. Su fara ƙwarewa a kan awon oksijin a yatsa, su sa iskar oksijin in ya gaza 90, su san me za su yi in wuta ta ɗauke, su iya hura numfashi da jaka har ƙirji ya ɗaga.

Kada kuma ki bari su manta a ina suke. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinarin da ake dakawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara suna ta jijjiga ana zaton maleriya ce ko sanƙarau. Tambaya ɗaya, "Ana daka dutsen zinari a gidanku?", tana iya juya jinyar gaba ɗaya.

Yadda za ki koyar kuwa, lacca kaɗan ta isa. Ki samo 'yar tsana, ki ware minti goma bayan zagayen safe, ki ce ga yaro ɗan wata tara mai kilo 6 yana jijjiga, bismillah. Wani ya riƙe hanyar iska, wani ya nemi jijiya, wani ya lissafa magani ya faɗa da ƙarfi. Ki sa nas-nas a ciki, domin su ke kwana da yaran, kuma tsohuwar nas ta fi sabon likita sanin yaron da ya fara canzawa. Ki yawaita wannan atisaye kafin Agusta, lokacin da maleriya ke cika gadaje har a haɗa yara biyu a gado ɗaya.

Ina roƙonki abu ɗaya: kada ki tozarta ɗalibi a gaban majinyata. Ina sabon likita na taɓa zama da wata yarinya tun ƙarfe biyu na dare numfashinta na ƙara sama, na kasa buga wa babbana waya don tsoron faɗansa. Da na kira, lokaci ya ƙure. Har yau ina ganin fuskar mahaifiyarta. Ki ba su lambarki, ki ce su kira ko ƙarfe nawa ne, kuma ran da suka tashe ki a kan abin da bai kai ba, ki yi musu godiya.

In yaro ya rasu, ki tafi da ɗalibin wajen iyayen ya ji yadda ake yin bayani da Hausa, a zaune, da ta'aziyya. Washegari ku ɗauko fayil ɗin ku bi shi awa bayan awa, ku ga inda aka makara, ba tare da kama sunan kowa ba.