Kwana uku ga Yellowstone da Grand Teton a watan Yuli

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka zagaya gandunan dajin Yellowstone da Grand Teton na Amurka da mota a watan Yuli. Ba za su isa ba, ka ware biyar: uku ga Yellowstone, biyu ga Teton da ke kudu da shi. Babban titin da ya kewaye Yellowstone ya kai kusan kilomita 230, kuma doka ba ta yarda ka wuce mil 45 a awa ba. Ga garken ɓaunan Amurka da kan tsaya tsakiyar titi, motoci su yi jerin gwano har sai sun ga dama sun kauce. Kada ka fito ka matso su, mita 23 ne iyaka, dabbar beyar (bear) kuwa mita 91.

Ko kwana biyar ɗin ma sai da sammako. Maɓuɓɓugar Old Faithful da ke Yellowstone tana feso tafasasshen ruwa kusan duk bayan minti 90, ana kuma kafe lokacin feshi na gaba a ofishin baƙi, to ka duba shi ka tsara zagayenka. Wurin ajiye mota a maɓuɓɓugar zafi ta Grand Prismatic da ke Yellowstone da tafkin Jenny na Teton kan cika tun da hantsi, gara ka isa kafin ƙarfe 8. A wajen maɓuɓɓugan zafi kada ƙafarka ta sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa, ƙasar ɓawo ce kawai, ruwan da ke ƙarƙashinta yana sale fata. Ka kama masauki watanni kafin tafiya, ka riƙe rigar sanyi, don dare a kan tsaunukan nan akwai sanyi ko a Yuli.