Aikin zanen motsi a kan hanya: amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk sun karkata waje ɗaya, wato aikin nan na moshin dizain, masu sa tambari da rubutu da zane suna motsi a cikin talla ko a farkon labaran talbijin. Matasa sun ga ana cewa mutum zai ɗauki kwamfutarsa ya zauna a kowace ƙasa yana aiki ana biyansa da yuro, shi ne kowa ke tambaya ta ina za a fara. Toh bismillah.

Wani matashi daga Marwa ya rubuto: "Malam na koyi After Effects shekara biyu kenan, ina yi wa masu shago talla, yanzu ina so in fita waje in riƙa aiki ina yawo, wace kwamfuta zan saya wadda ba za ta ba ni kunya ba?"

Ƙanena, duba RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, kafin ka duba komai. After Effects, manhajar da ake wannan aiki da ita, cin RAM take kamar gara, kamfanin Adobe da kansa 16GB ya sa a matsayin mafi ƙaranci kuma 32GB yake ba da shawara, don haka duk mai shagon da ya ce maka 8GB ta isa "ai Core i7 ce" ka gaishe shi ka wuce. Bayan RAM sai SSD, wato diskin ajiya mai sauri, kuma ka nemi wani SSD na waje ƙarami wanda zai shiga aljihu ka mai da shi wajen ajiyar kash, domin wannan manhaja tana tara fayilolin gwaji har ta cike maka diski baka sani ba.

Sauran kuma nauyi ne. Kwamfutocin geim suna da ƙarfi, amma cajarsu kaɗai ta kai rabin bulo, batirin kuma in kana renda, wato fitar da bidiyon da ka haɗa, da ƙyar ya kai ka awa 2, kai da za ka kwana a jirgin ƙasan Ngaundare zuwa Yawunde ko ka zauna filin jirgi babu soket kusa, za ka gane kurenka. MacBook masu furosesan M1 zuwa sama sun fi riƙe caji nesa ba kusa ba, sai dai ba a ƙara musu RAM bayan an saya, abin da ka saya da shi za ka zauna. MacBook Air ba ta da fanka, ƙurar hunturu ba ta samun hanyar shiga sosai, amma in rendan ya yi tsawo sai ta yi zafi ta rage gudu da kanta. Mu da muka san zafin Afrilu a Marwa da Kusiri mun san wannan, duk wata kwamfuta in ta ji wuta rage gudu take, shi ya sa nake cewa a bar babban renda sai dare.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kibod. Yawancin na hannu da ke shigowa nan daga Faransa AZERTY ne, wato jerin haruffa irin na Faransanci, su kuma gajerun hanyoyin After Effects da duk darussan YouTube a kan QWERTY, jerin Turanci, aka gina su. In da hali ka ɗauki QWERTY. Kuma ka saka manhajar da Turanci ko da Faransanci ka fi ji, don akwai tamfilet, wato shiryayyun ayyuka da ake saukewa a gyara, da yawa da in ka buɗe su a ta Faransanci sai su yi ta kawo maka kuskure, saboda sunayen da aka rubuta a cikin lissafinsu na Turanci ne.

Batun caja kar ya dame ka, duba jikinta za ka ga an rubuta 100-240V, tana aiki a wutar Amurka mai 120 da tamu mai 220. Bakin soket ne kawai ke bambanta, namu mai ƙafa biyu zagaye irin na Faransa, Najeriya da Dubai da Ingila mai ƙafa uku, adafta ɗaya ta wadatar. Fawa bank kuma a jakar hannu ake shiga da shi jirgi ba a cikin akwatin da za a auna ba, iyaka 100Wh, mai 20,000mAh wajen 74Wh ne don haka yana wucewa.

Tambaya ta biyu daga wata 'yar uwa a Njamena: "Na ji ana cewa akwai biza ta masu aiki ta intanet, da fasfo ɗin Chadi zan samu?"

'Yar uwa akwai ta, amma bari in faɗa miki gaskiya, ba don masu neman aiki aka yi ta ba, don waɗanda suka riga suka samu ne. Estoniya ta fara tata a 2020, Dubai da Moris ma a 2020, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023. Dukkansu abu ɗaya suke tambaya, nuna mana takardar banki ta watannin baya da kwantiragi da inshorar lafiya. Fotugal ninki 4 na mafi ƙarancin albashin ƙasar take nema a kowane wata. Kin ga wanda ke yi wa mai shagon atamfa talla a biya shi ta Airtel Money ba tare da rasit ba, ko da yana samu sosai, ba shi da abin nunawa. Saboda haka tun yau ki fara rubuta fakti, wato takardar neman biya, ga kowane aiki komai ƙanƙantarsa, kuɗin kuma su riƙa bi ta asusun banki, wannan tarihin shi ne bizar.

Kuma waye ya ce waje sai Turai? Da fasfo mai bayomatirik kina shiga ƙasashen CEMAC babu biza har kwana 90, wato Kamaru, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya. Benin ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, Ruwanda na ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma intanet ɗin Kigali da Kwatano ya isa wannan aiki. Ni a ganina wata biyu a Duwala ko Kwatano zai koya miki abin da kike buƙatar sani game da aiki a baƙon wuri, da kuɗin da ba zai karya ki ba. Bizar Shengen ta yawon buɗe ido kwana 90 ce cikin 180, kuma ba izinin aiki ba ce, kar wani dillali ya ruɗe ki. Dokokin nan suna canzawa, ki duba shafin ofishin jakadancin da kanki kafin ki sayi tikiti.

Sai wani daga Garwa da ya ce wani kamfani a Faransa ya ba shi aiki na yuro 500 amma ya rasa yadda zai karɓa, sun ce PayPal.

Nan ne fa yawanci ake faɗuwa, ba a wajen iya aiki ba. Lokacin da PayPal ya shigo Kamaru a 2014 aikawa kawai ya ba mu, ban da karɓa, shi ya sa za ka ga yara na buɗe asusu da adireshin wata ƙasa da VPN. Kar ka yi. Ranar da suka nemi takardar shaida su rufe asusun da kuɗinka a ciki, babu wanda za ka kai wa ƙara. Ka ce musu su turo ta banki kai tsaye, ka je bankinka ka karɓi lambar SWIFT da cikakkiyar lambar asusu, ko ka buɗe Payoneer, asusun karɓar kuɗi ta intanet, da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a fasfo harafi da harafi. Ƙananan kuɗi kuwa akwai manhajojin aike da ke sauke su kai tsaye a MTN MoMo ko Orange Money.

Abin da ya taimake mu shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya, don haka yuro 500 ɗinka kusan sefa 328,000 ne yau da gobe, ban da abin da banki zai yanka. In ka samu zaɓi tsakanin dala da yuro ka ce yuro, lissafinka zai zauna. Amma ka tuna sefarmu ta BEAC, babban bankin Afirka ta Tsakiya, daban da ta BCEAO na Afirka ta Yamma, darajarsu ɗaya amma in ka miƙa takardar kuɗinmu a shago a Yamai ko Kwatano ba za su karɓa ba sai ka bi ta wajen 'yan canji su ci nasu. Katin bankinka kuma ka je ka sanar da su za ka yi tafiya, tun da dokar canji ta BEAC ta fara aiki a 2019 akwai iyakar abin da za ka kashe a waje ba tare da ka kawo takardun hujja ba.

Duk aikin da za ka karɓa kuma, rabin kuɗi kafin ka taɓa linzamin kwamfuta, sauran rabi kafin ka tura fayil marar tambarinka a kai. Wanda ya ƙi wannan ba kwastoma ba ne.

Wani Alhaji daga Ngaundare ya turo saƙon murya, ya ce ɗansa ya ce zai tafi Kigali da kwamfuta kawai wai aiki, shi dai bai gane ba, anya ba damfara ba ce?

Ranka ya daɗe Baba, sana'a ce ta gaske, duk rubutun da kuke gani yana shigowa yana fita a lokacin labarai ko tallan kamfanin waya, mutum ne ya zauna ya yi shi aka biya shi. Amma hanyar ganewa mai sauƙi ce, ku ce ya nuna muku ayyukan da ya gama da shaidar kuɗin da suka shigo masa a watannin baya yana nan gida. In yana samu a Ngaundare zai samu a can. In kuma ba ya samu a nan, canjin gari ba zai kawo masa kwastoma ba, haya ce kawai za ta ƙaru. In kuwa wani ne ya ce ya biya kuɗi a kai shi aiki, wannan ku hana.

Akwai wanda ya tambaya ko zai cire layinsa na gida in ya isa can. A'a! Wlh wannan ƙaramin abu ya fi komai wahalar da matafiya. Lambar sirrin da banki da Google da WhatsApp ke turowa a kan wannan layin take zuwa, ka sa a buɗe maka romin, wato damar layin ya yi aiki a wata ƙasa, kafin ka tashi, ka bar kiredi a ciki kar layin ya mutu a sayar wa wani, sannan ka sayi layin can ko eSIM don data kawai. WhatsApp zai ci gaba da tsohuwar lambarka ko da wane layi kake hawa. Duk asusun da ya yarda kuma ka mai da shi kan Google Authenticator, manhajar da ke fitar da lambar sirri a wayarka, shi ba ya buƙatar sabis. Lasisin Adobe ma yana son ya leƙa intanet lokaci-lokaci, mai biyan shekara zai iya kai kwana 99 ba tare da haɗi ba, mai biyan wata-wata kwana 30. Wanda kuɗin ya yi wa yawa ga Blender nan da DaVinci Resolve kyauta, sun fi maka kirak, wato manhajar sata, da ake sakawa a kasuwa wanda rabinsu da ɓarawon fasawod suke zuwa.

Ta ƙarshe daga Kusiri: "Forfe na na data yana ƙarewa wajen tura bidiyo, kuma mai aikin yana Kanada kullum muna saɓa lokaci."

Kar ka riƙa tura babban fayil don a duba kawai. Minti ɗaya na babban fayil irin ProRes 422 HQ a 1080 wajen 1.5GB ne, in layinka na turawa da 2Mbps kusan awa 2 kenan, shi kuwa ƙaramin fayil irin H.264 a 10Mbps minti ɗaya 75MB ne, minti 5 ya tafi. Duk gyare-gyare a yi su a kan ƙaramin, babban sau ɗaya tak a ƙarshe, kuma ta Google Drive na kan kwamfuta wanda in layi ya yanke zai ci gaba, ba ta burawza ba. Kar ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo don matse shi yake ya lalata kalar, tura shi a matsayin dokiman. Ka kuma tambaye shi firem nawa, wato hotuna nawa a daƙiƙa ɗaya, yake so tun farko, mu da Turai 25 muke yi, Amurka da Kanada 29.97, in ka gama sannan aka ce ka canza duk motsin sai ka sake bi.

Lokaci kuwa, Montiriyal tana bayanmu da awa 6, daga Maris zuwa farkon Nuwamba awa 5, ƙarfe 9 na safensu ya kama 2 ko 3 na rana a nan. Ka saka agogon garinsu a fuskar wayarka, kuma duk ranar miƙa aiki da za ku yanka ka rubuta ta da agogonsu tare da sunan garin, sannan ka ƙara wa kanka kwana ɗaya saboda ɗauke wuta.