Mujallun da masoya tsofaffin kwamfutoci ke bugawa a gida

Ka tambaya me ya sa mutane ke wahalar buga mujalla da hannunsu saboda kwamfutar da aka daina yayi. To ɗan'uwa, dubi abin da ya faru a Ingila. Da kasuwar kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Amstrad CPC ta mutu, manyan mujallun kanti suka rufe: Your Sinclair a 1993, Amstrad Action a 1995. Wanda kwamfutarsa ke aiki lafiya lau, ina zai dosa? Intanet bai shiga yawancin gidaje ba tukuna. Sai irin su WACCI, mujallar masu Amstrad, wadda masu karanta ta ne ke cika ta da rubutu.

Aikin kuwa na haƙuri ne. A fitar da rubutu da firinta mai allura, a yanka da almakashi, a manna, a kai wurin mai fotokwafi, a ninke, a aika ta gidan waya. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne shafukan BASIC, wato yaren ba kwamfuta umarni, inda ake buga umarnin wasa don mai karatu ya shigar a kwamfutarsa. Mutum zai kwana yana kwafa layi-layi, ga tawada ta dusashe har sifili ya koma kamar harafin O. Kuskure ɗaya, wasan ya ƙi tashi. Sai ya rubuta wa edita wasiƙa, ya zauna jiran gyara a fitowa ta gaba.